Lexus IS300: me zan canza a inji kafin in saka naitros na doki 150?

Ɗan Tsere:
Assalamu alaikum. Motar IS300 ce, inji 2JZ-GE mai VVT-i, ba a taɓa kwance shi ba. Ina son ƙara masa ƙarfin doki 150 da naitros (iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi) don filin tsere. Sai na sauke injin, ko zai ɗauka a haka? In za a sauke, me da me za a canza?

Oga Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, doki 50 zuwa 75 zai ɗauka a yadda yake, muddin dai kamfireshan ɗin silinda shidan ya zo kusan ɗaya. Amma 150 kam sauke shi. Bulon ƙarfen 2JZ ba shi da matsala, rauninsa yana kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf: na mai VVT-i sun fi na tsohon samfurin siranta. Ka sa kwanrod da fistan na ƙira, ba na zubi ba. Fistan na alminiyo samfurin 2618 ya fi jure ƙwanƙwasa (fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda), sai dai yana kumbura da zafi fiye da na samfurin 4032, don haka a bi gibin da kamfanin ya rubuta tsakaninsa da bangon silinda, ko da zai ɗan yi ƙara da sanyin safiya.

Inda aka fi yin asara shi ne gibin rin, wato tazarar da ke tsakanin bakuna biyu na zoben fistan. Naitros yana ƙara zafi sosai, rin na sama ya miƙe har bakunansa biyu su haɗu. Da sun haɗu ba shi da wurin zuwa, sai ya cije bango ya ɓalle gefen kan fistan. In ka kwance irin wannan injin za ka ga bakunan rin ɗin suna ƙyalli kamar an goge su, shaidar sun daki juna ke nan. Faɗin silindarka milimita 86 ne, ka ninka da 0.0055, zai ba ka gibin kusan milimita 0.47 a rin na sama. Na biyu ya ɗan fi shi, wajen 0.52, don iskar da ta sulale ta samu mafita. Kowane rin a saka shi cikin silindarsa, a daidaita shi da kan fistan, a auna gibin da fila geji (siraran fallayen ƙarfe na awon gibi), a goga bakunan kaɗan-kaɗan. Sai kusoshin kamfanin ARP na ɗaure kan inji da gasket na ƙarfe mai falle-falle.

Malam Wayarin:
Oga ya gama da ƙarfe, saura mai da wuta. Naitros shi kansa ba ya ci da wuta. Idan ya kai zafin digiri 300 na ma'aunin Celsius ne yake rabewa ya saki iskar oksijin, wadda ita ce kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa, alhali a iskar da muke shaƙa kashi 23 ce. Wannan ƙarin oksijin in bai samu fetur ba, zai cinye fistan. Doki 150 yana buƙatar ƙarin fetur kusan lita 45 a awa, saboda haka ka sa famfon mai irin Walbro 255, da makunnin da zai yanke naitros da zarar matsin mai ya faɗi. Ma'aunin iska da mai ya tsaya tsakanin kashi 11.5 da 12 na iska a kan kashi ɗaya na mai.

Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a ja shi baya digiri 2 a kan kowane doki 50, wato 6 a naka. Fulogi mataki biyu mafi sanyi (a NGK lamba in ta hau, sanyi ya ƙaru), marar dogon baki, gibi milimita 0.8. Bayan gudun gwaji a kashe injin nan take a ciro fulogin. Ɗigo-ɗigo kamar barkono a jikin farin tangaran alamar ƙwanƙwasa ce, a ƙara jan taimin baya.

Kada naitros ya buɗe ƙasa da juyi 3,000 a minti, kuma sai totur yana ƙasa gaba ɗaya. Ya rufe kafin kwamfuta ta yanke mai a ƙarshen juyi. Ni a ganina a 150 kowace silinda ta samu nozul nata (bakin da ke fesa naitros da fetur), domin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindodi, na wannan injin dogo ne, ya lanƙwaso ta saman kan inji. Da nozul ɗaya fetur yana kwanciya a lungu, wata silinda ta ƙoshi wata ta rasa, wani lokacin ma wuta ta dawo baya ta fasa manifol ɗin.

Ɗan Tsere:
Na gode, Oga da Malam. Tukunyar naitros ɗin fa? Na ga ana sa mata na'urar ɗumamawa.

Malam Wayarin:
Wannan ta mutanen ƙasashen sanyi ce. Ana auna jet, wato ɗan ramin da ke ƙayyade yawan naitros ɗin da ke fita, a kan matsi 900 zuwa 950 psi, wanda tukunya ke kaiwa a wajen digiri 30. Matsalarmu a nan zafi ne: sama da digiri 36.4 naitros ba ya zama ruwa, kuma but ɗin mota a watan Afrilu ya wuce haka nesa. Matsi ya hau, abin da ke fita ta jet ya daina bin lissafinka, solenoyid ma, wato bawul ɗin lantarki da ke sakin naitros, yana iya ƙin buɗewa. Ka ajiye motar a inuwa, ka lulluɓe tukunyar da jiƙaƙƙen tawul har allurar ma'aunin matsi ta sauko 950, ka fesar da iskar da ke cikin layi, sannan ka shiga fili. Wajen kafa tukunyar, bawul ɗinta ya dubi gaban mota, a ɗage shi sama da gindin tukunyar, kuma bututun bawul ɗin kariya ya fita wajen mota.