Kwalbar tsaraba ta gagare ni buɗewa, a taimaka da dabara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanin maigidana ne ya dawo daga Faransa, ya kawo mana tsarabar ruwan inabi kwalba biyu. Ni na saba da mai marufin da ake murɗawa. Wannan kuwa da na yage ledar bakin sai na tarar an cusa wani abu kamar ɓawon itace, ya nutse daidai da bakin kwalbar, ko farce ba ya samun wurin kamawa. Na sa tsinin wuƙa, sai marmashewa yake yi. Gobe surukata za ta zo, kuma na riga na cika baki a waya cewa akwai abin sha na musamman. Ya zan yi?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. 'Yata, kafin a zo batun buɗewa, kin tabbata ba giya ba ce? Irin wannan toshiyar a kwalbar giya aka fi saninta. Kada garin karrama suruka a yi abin kunya.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta yi gaskiya. Mu nan Nijar da Faransanci muke karatu, bari in taimaka. Duba takardar da ke jikin kwalbar. In an rubuta "jus de raisin", ruwan inabi ne zalla, ba a bar shi ya tsimu ba. In kuwa "vin désalcoolisé" kika gani, to giya aka fara yi sannan aka cire mayen, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira shi haka ko da 0.5% ya rage a ciki. Su Faransawa waƙafi suke sawa a maimakon ɗigo, kada ki ruɗe in kin ga 0,5. Abin buɗewar kuma "tire-bouchon" suke ce masa, wani murɗaɗɗen ƙarfe ne mai tsini.

Maman Ilham: Na duba, "jus de raisin" ne. Alhamdulillah, har gabana ya faɗi. Saura buɗewa.

Baba Kafinta: Maman Ilham, ajiye wuƙar nan tukuna. Ba laifin ƙarfinki ba ne. Toshiyar ɓawon wata bishiya ce, ƙasar Fotugal ta fi kowa samar da shi, kuma an yanka ta ta fi bakin kwalbar kauri: ita wajen milimita 24, shi bakin bai kai 19 ba. Inji ne ya matse ta ya tura, ta kumbura a ciki. Ki nemo doguwar ƙusa mai zare, irin ta haɗa gado ko ƙyauren ƙofa, kamar inci biyu da rabi. Ki wanke ta tas, ki ɗora tsininta a tsakiyar toshiyar cif, ki murɗa da sukudireba har sai saura faɗin yatsa a waje. Sai ki zauna ki matse kwalbar tsakanin gwiwoyinki, ki saƙala kan ƙusar da bayan hama, wurin cire ƙusa, ki ja a hankali kina ɗan jijjigawa. In babu hama, filaya ma ta yi. Ki ninka tsumma a bakin kwalbar kada ƙarfe ya ɓantare gilashi. Ƙusar hawa ɗaya marar zare ba ta kamawa, zamewa take yi.

Ummi Kaduna: Ni na ga ana saka gindin kwalbar cikin takalmi sau-ciki a dinga buga shi a bango, toshiyar ta fito da kanta.

Baba Kafinta: Ummi, yana yi wani lokaci, ruwan ne ke dukan toshiyar daga ciki. Amma na taɓa raka wani yaron shagona ɗinki a tafin hannu saboda wasa da kwalba. Ban da shi. Haka masu cewa a gasa wuyan kwalbar da wuta, gilashi fashewa yake yi.

Anti Rabi: Ku kuna ta wahala. Tunda ta riga ta farfasa kan da wuƙa, ta samu mariƙin cokalin katako ta danna toshiyar ciki kawai. Sai dai ki lulluɓe da tawul, don feshi yake yi. Ni farin leshina har yau da tabon. Daga nan ki tace da rariyar shayi a jug, wa zai sani? In mai gas ne dai kar ki soma.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba mai gas ba ne. Kwalba ta farkon, dabarar Anti Rabi na bi, na tace sau biyu. Ta biyun Abban Ilham ya ciro ƙusa daga tsohuwar kujera, ja ɗaya ta fito da ƙara "fop", yana ta hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Mama kuwa ta kurɓa sau biyu, ta ajiye kofi ta ce in akwai sauran zoɓon jiya a kawo mata.