Ɓawon Lemo da Ƙaro: Muhawara a Zauren Manoman Sennar

Mai Tumatir: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023 maganin feshi ya fi ƙarfinmu, na kawo shawara a majalisa mu riƙa feshi da ɓawon lemo, aka yi mini dariya. Ɓawon lemo cike yake da pektin, ɗan uwan sitaci. Ganyen shuka ma yana da shi. In fumfuna ta kama ganye takan kakkarya pektin ɗin, gutsattsarin su ke sanar da shuka maƙiyi ya shigo, sai ta tashi kare kanta. Masana suna fesa irin gutsattsarin nan tun cuta ba ta zo ba. Ga magani muna zubarwa a bola!

Baffan Gadarif: Ɗana, magani shi ne wanda ka fesa da safe, da la'asar ka ga farin ƙuda zube a ƙasa. Naka yana kashewa?

Mai Tumatir: Ba ya kashewa, Baffa, rigakafi ne.

Baffan Gadarif: To ka daina ce masa magani.

Malamar Madani: Baffa, rigakafi ai ya fi magani. Amma Yaya, jiƙa ɓawo a bokiti ba zai ba ka gutsattsarin ba, sai an sarrafa shi. Kuma ganyen tumatir da ke nannaɗewa ya yi rawaya, wata ƙwayar cuta ce da farin ƙuda ke kawowa.

Ɗan Damazin: Malama, da digirinku auduga ta lalace a gonakin ban-ruwa na Jazira. Tun 1925 ake noma da ruwan madatsar Sennar, kakanninmu ba su jira ku ba.

Malamar Madani: Kakanninka hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a Jazira, suke da ita, ko ƙodago suka yi?

Ɗan Damazin: Kada ki taɓa iyayena!

Alhaji Mai Ƙaro: Ku yi haƙuri. In maganar abin da ke fitowa daga itace ake, Sudan ce kan gaba a duniya wajen ƙaro. Ana narka shi a tsoma tumatir bayan tsinka, ya ƙara kwanaki bai yi laushi ba.

Ɗan Damazin: Wane ƙaron, na itacen hashab na yankin Kordofan, ko na itacen talha?

Alhaji Mai Ƙaro: Hashab mana. Je kasuwar Al-Ubayyid ka tambayi farashi.

Baffan Gadarif: Mu ma muna da hashab, Alhaji, a daina raina Gadarif.

Mai Tumatir: Jama'a, a kan gona nake magana, ba bayan tsinka ba.

Alhaji Mai Ƙaro: A matsayina na shugaban zaure na rufe. Abin da aka cimma: ɓawon lemo ba magani ba ne, ƙaro kuwa kowa ya yarda da shi, musamman hashab. Ɗan Damazin, ka ba Malama haƙuri kafin magariba.