Dan Allah ya ake a gaggauta maganar gado? Wata tara kenan muna abu ɗaya

Yar_Fadama:
Assalamu alaikum yan uwa. Babanmu ya rasu wata tara kenan, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Bauchi, ya bar mata biyu, mu yara 11, sai kakarmu mahaifiyarsa. Iyayenmu mata sun fita takaba tuni amma har yau ko sisi ba a taɓa ba. Banki sun rufe akawun ɗinsa sun ce sai mun kawo leta of administireshan, wato takardar izinin kula da dukiyar mamaci, daga babbar kotu, kamfanin fansho ma haka, alhali sunan yayanmu ne a fom a matsayin nes of kin. Ga kuɗin makarantar ƙanne ga cefane, wlh mamanmu har ta rame. Wanda ya taɓa bin hanyar nan dan Allah ta ina ake farawa?

DanWunti:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ƙanwata nes of kin ɗin nan shi ke ruɗa mutane, ba magaji yake nufi ba, wanda za a nema ne in wani abu ya faru, banki ba zai ba shi kuɗi don sunansa na fom ba. Ni na yi wannan zirga zirgar lokacin rasuwar yayana kuma abin da ya cinye min lokaci zuwa da takardu rabi rabi ne, yau a ce babu kaza gobe a ce babu kaza. Ku haɗa komai a fayil ɗaya kafin ku taka rajistirin gado na babbar kotu: takardar asibiti ta rasuwa, satifiket na mutuwa daga hukumar ƙidaya, katin shaida da hoto fasfo na waɗanda za su wakilci gida, lambar duk akawun ɗinsa da ta fansho, da mutum biyu da za su tsaya muku. Za su ba ku fom ku kai banki a rubuta abin da ke ciki, kar ku ajiye ku tafi, ku riƙa leƙawa. Sannan a buga sanarwa a jarida a jira ko wani zai yi ƙorafi, wannan jiran dole ne ba a tsallake shi. Duk akawun ɗin da kuka manta ba ku sa ba sai kun sake komawa, to ku bincika wayarsa da kyau ku ga bankunan da ke turo masa alat.

Wani abu kuma, ku tambayi ofishinsu maganar inshorar rai ta ma'aikata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a ƙalla ninki uku na albashin shekara ne, kuma daban take da kuɗin da ke kamfanin fansho, da yawa ba su ma san da ita ba.

Almajirin_Jahun:
Allah ya gafarta masa. Yar uwa kar ku zauna jiran takardar banki, ku shigar da maganar rabo a kotun shari'a tun yanzu a tantance magada a yi wa gida da gona kuɗi, abu biyun su tafi tare. Kuma ku fara da bashi, sai wasiyya in akwai wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado, haka yake a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 da kuma hadisi. Matan biyu tumuni za su raba, wato ɗaya bisa takwas, Hajiya kaka tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Abin da nake jiye muku ita kakar ce, Allah ya ƙara mata lafiya, amma in magaji ya rasu kafin rabo kasonsa ya koma kan nasa magadan, baffanninku da gwaggonninku duk sun shigo, lissafi ya zama biyu. Na ga gidan da haka ta sa yan uwa suka daina gaisawa, abin ba daɗi ko kaɗan.

Maman_Biyu_Gombe:
Ni dai gaskiya a namu ba kotu ce ta riƙe mu ba, mu ne. Ɗaki biyu ne mu ma, kowane ɗaki yana zargin ɗayan, wani ya je ya shigar da ƙorafi komai ya tsaya cak. Sai da kawunmu ya zaunar da mu aka ɗauki mutum ɗaya daga kowane ɗaki suka zama wakilai sannan aka motsa. Ku ma kar ku bar yayanku shi kaɗai ko da mutumin kirki ne. Kuma ku duba takardun fili, namu tun na tsohuwar jihar Bauchi ne kafin a cire Gombe a 1996, neman fayil ɗin kawai ya ci mana watanni.

Yar_Fadama:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Malam wlh ban taɓa kawo maganar kaka a raina ba, jikina ya yi sanyi. Maganar wakilai biyu yau da daddare zan kai wa baffanmu tunda shi kowa ke jin maganarsa. Yaya DanWunti masu tsaya mana ɗin dole sai ma'aikatan gwamnati ko ɗan kasuwa ma zai iya?

DanWunti:
Ki je rajistirin da kanki ki karɓi sharuɗɗan a rubuce ƙanwata, kar ki bi ta hannun yan tsaye a bakin kotu, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit.