Tablet ko Kindle? Ku ba ni shawara kafin kuɗin su narke

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashi adashena jiya, kuma na rantse bana ba atamfa zan saya ba. Shekara uku ke nan a waya nake karatu, littattafan Hausa da PDF ɗin Islamiyya, yanzu da na kwanta sai ido ya kama ruwa. Wayar ma ta ƙanwata ce, da ta yi aure ta bar min, ga gilashin ya tsage daga gefe, kullum sai ya kartar min yatsa. Ɗan yayata ya ce in sayi Kindle, na'urar nan ta karanta littattafai, maigida ya ce tablet. Unguwarmu sai a kwana biyu ba wuta. Ya zan yi?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Kindle, Hajiya, magana ta ƙare. Allonta e-ink ne, kamar takarda, ko a tsakar rana za ki karanta. Caji ɗaya sai ya kai ki makonni. Tablet kuwa babbar waya ce kawai, ciwon idon nan zai biyo ki.

Maman Ilham: Ba ki faɗi nawa ne kuɗin ba. Ni dai tablet ɗin da na saya yara ne suka gaje ta, katun safe da dare. Wata bakwai batirin ya kumbura, mai shagon ya ce wai cajar gida ce ta jawo. Har yau ban yafe ba.

Malam Na Bakin Kasuwa: PDF ɗin naki na Larabci ne da aka ɗauki hoton shafukansa? In haka ne ƙaramar Kindle inci 6 ce, wasali ma ba za ki gani ba, ga jinkiri wajen zuƙo rubutu. Tablet ɗin Galaxy Tab A9 kuwa inci 8.7 ce, za ki sa manhajar Alƙur'ani har da sauti.

Abu Sumayya: Malam, Kindle Paperwhite ta 2024 inci 7 ce. A kwantar da ita a gicciye, shike nan. Kuma ba WhatsApp balle ya ɗauke mata hankali.

Ummu Hanan: Au, ba WhatsApp? To ai ta can ake turo mana littattafan, shafi-shafi kullum. Kuma ni ban ce yana ɗauke min hankali ba.

Abu Sumayya: Akwai Send to Kindle, ki tura ta imel, har Word da EPUB tana karɓa.

Ummu Hanan: Imel ɗin ɗan yayata ne ya buɗe min, ban riƙe lambar sirrin ba.

Maman Ilham: Anti, ki fara zuwa a duba idon, ƙila tabarau ne maganin.

Ummu Hanan: Idona ƙalau yake, wayar ce. Gobe maigida zai shiga Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, ana ma samun Kindle ɗin a can?