Ƙanina mai otizim ya daina taɓa rediyoyinsa, damuwa ce ko lalurarsa ce kawai?

Yayar Auta:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Autanmu shekararsa 19, tun yana ƙarami likita ya ce otizim ne da shi, wanda wasu ke kira galahanga. Shi duniyarsa gyaran rediyo ne, ko ta mutu murus sai ya tayar da ita, har maƙwabta kawo masa suke. To tunda ya gama sakandare bara komai ya tsaya, yanzu wata uku kenan bai taɓa ko sukundireba ba, yana kwance a ɗaki, abinci sai Umma ta yi da gaske, ya rame, da dare kuma ina jin motsinsa baya barci. In na tambaye shi me ke damunka sai ya ce "ba komai". Gwaggonmu ta ce aljanu ne, Baba ya ce ai dama haka yake. Wlh ba haka yake ba, ni na san ƙanina.

Mai Shiru:
Yaya nima otizim gare ni, sai da na girma aka gane. Abin da kika faɗa na rediyon nan shi ya fi tsaya min a rai, don mu in muka saki abin da muka fi so to akwai matsala babba. Lokacin da ciwon damuwa ya kama ni ban san sunansa ba, in an ce me kake ji sai in rasa amsa, ba ɓoyewa nake ba, da gaske ban iya fassara abin da ke cikina ba, kawai jikina ya yi nauyi kamar an ɗora min buhu. Shi ƙaninki makaranta ita ke tsara masa rana, ƙarfe nawa zai tashi, ina zai zauna, an wayi gari babu. Ki daina tambayarsa me ke damunka, tambayar ta yi faɗi. Ki ce ka yi barci jiya? kirjinka na nauyi? ko ki tura masa a WhatsApp, rubutu ya fi mana sauƙi. Kuma kar a tilasta masa shiga biki ko taron dangi wai don ya ware, hayaniyar ƙara gajiyar da mu take.

Nas Maman Biyu:
Ƙanwata ki kai shi asibiti, kar a jira. Ƙa'idar ita ce a ga likita in alamomin ciwon damuwa sun wuce sati 2, shi ga wata uku. Masu otizim sun fi sauran mutane kamuwa da wannan ciwon sosai, kuma ana yawan kuskure shi don komai aka gani sai a ce lalurarsa ce. In kuna Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato na Kware. Ki rubuta yadda yake da, da yadda ya koma, ki ba likita. A duba jikinsa ma, ciwon haƙori ko ƙarancin jini na iya kwantar da yaron da baya iya faɗin ciwo. In an ba shi magani yakan ɗau sati 4 zuwa 6 kafin a ga canji, kar ku tsayar da maganin da kanku, kuma a sa masa ido a satin farko. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, in ya ce eh ranar za ku tafi.

Baban Khalifa:
Addu'a kam a yi, amma Gwaggo ta yi haƙuri, kar a kai yaron nan inda za a ɗaure shi ko a masa hayaƙi. Allah ya ba shi lafiya.

Yayar Auta:
Amin, na gode ƙwarai. Na tura masa saƙo ɗazu, ya amsa da "kirjina nauyi kullum". Na nuna wa Baba, ya yi shiru, ya ce Litinin shi zai kai mu.