Injin Beetle daga 1300 zuwa 1600: uwa ɗaya uba ɗaya ne?

Malam Habu: Salamu alaikum. Abin da na tsaya a kai shi ne, injin Volkswagen Beetle na 1300 da 1500 da 1600 (lambobin girman inji ke nan) duk gida ɗaya ne. Tafiyar fistin ɗinsu milimita 69 ce, bambancin a faɗin silinda yake: 77, 83, 85.5. Wanda zai tayar da tsohon inji ya haɗa kayan kowace shekara ya samu, in ya shiga ya ɗauru, shi ke nan. 1200 kawai na ware, shi tafiyarsa 64 ce.

Oga Iliya: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne Malam, amma kama da wane ba wane ba ne. Ɗauki famfon baƙin mai. Kamshaf na da, wato sandar da ke buɗe bawul kuma take juya famfon, giyarsa shafaffiya ce mai ƙusa uku. Daga wajen 1971 aka koma mai ƙusa huɗu, tsakiyarta a lotse. Ka sa tsohon famfo a kan sabon kamshaf, zai zauna lafiya lau, notinsa su ɗauru, amma harshensa da ƙyar yake kama ramin da ke juya shi. Ranar da ya zame mai ya tsaya, kafin direba ya lura da jan wuta metal, wato mazaunan da karanshaf ke juyawa a kai, sun ƙone. In ka juya haɗin kuma, famfon ya tokari giya.

Malam Habu: Wannan ai aikin ido ne, ka duba giyar kafin ka sayi famfo.

Oga Iliya: To ka ga ashe shiga da ɗauruwa ba su wadatar ba. Ko silindar 85.5 ma ba ta shiga kai, wato murfin silinda, na injin 1300 sai an kai shi an buɗe bakinsa. Na 1500 ne ke karɓarta yadda take.

Sabi'u: Iyayen gidana, ku ba ni dama in sa baki ta wajen filawil, babban faifan nan mai haƙora da kik ke juyawa don tayar da inji. Na zamanin batir mai volt 6 haƙoransa 109, na volt 12 kuwa 130, kuma kowanne da kik ɗinsa. Babban filawil a tsohon giyabos yana gogar bakin kaskon, sai an ɗan ci wurin, an kuma canja bushin da kik yake zama a ciki. Sai kuloci: faranti na kafin 1971 yana da zobe a tsakiya, na bayansa babu, domin boris ɗin da ke danna shi ya koma tafiya a kan bututu. Nan giyabos ne zai gaya maka wanda za ka saya, ba shekarar inji ba.

Alhaji Ɗanlami: Sabi'u ka yi daidai, amma ka bar babba. Duk lokacin da aka haɗa filawil da karanshaf da ba tare suka taso ba, dole a sake auna wasan gaba da baya na karanshaf. Milimita 0.07 zuwa 0.13 ake so, da siraran washa guda uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Ya matse, metal na ƙarshe ya kama in inji ya ɗau zafi. Ya yi sako-sako, ya riƙa dukan mazauninsa har ya cinye bulok, wanda dama magnesiyam ne mai laushi. Babban notin filawil kuma yana son ƙarfin ɗauri 300 zuwa 350 Nm (niyutan-mita).

Duk da haka ina tare da Habu a abu ɗaya. Waɗannan motoci, har da waɗanda aka harhaɗa a Legas daga 1975, ba za ka samu kayan shekara ɗaya cif ba yanzu. Haɗin dole ne, wani lokaci ma ya fi na asali. A tsohon tsari abin sanyaya mai yana tsaye cikin rumfar fanka, iskar da ta ratsa shi da zafinta take sauka kan silinda ta uku, shi ya sa bawul ɗin hayaƙinta ke fara tsinkewa. Rumfar 1971 ta fitar da shi gefe. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ni ita zan ɗora wa kowane inji.

Oga Iliya: Da sharaɗi, Alhaji. Ta zo da faffaɗar fankarta da dukkan gwangwanayenta. Siririyar tsohuwar fanka a cikin sabuwar rumfa ba ta isar da iska. Kuma ramukan mai na tsohon bulok, inda abin sanyaya mai ke zama, milimita 8 ne, na sabon 10, sai da robar da aka yi don haɗa su, in ba haka ba ya yi ta yoyo.

Malam Habu: Na yarda da famfo da fanka. Amma kai mai ƙofar shiga biyu, na 1971, yana zama a kan 1500 ba gardama.

Oga Iliya: Yana zama, tare da manifol ɗinsa da kafireto 34 PICT-3 da distiribita mai dacewa da ita. Ka haɗa kafireton da distiribita 009 mara bututun iska, mota ta riƙa shaƙewa duk lokacin da aka taka totur daga tsaye.

Sabi'u: Kafin a ɗaure kan, a auna sandunan da ke riƙe shi. Masu kauri milimita 10 ana ja musu 32 Nm, masu 8 kuwa 25. Wanda ya ja wa mai 8 ƙarfin mai 10 zai iya miƙar da ita ko ya tumɓuke zaren bulok. Bawul kuma a saita tazararsu milimita 0.15, inji na sanyi.