Danna "na amince" ya isa ya kwace mini haƙƙina?

Assalamu alaikum, masana shari'a ku taimaka mini. Na sayi manhajar lissafin kuɗi daga wani kamfanin Amurka don shagona na ɗab'i. Yanzu sun daina kula da ita, bayanan cinikina na shekara shida kuma sun maƙale a ciki. Ƙanena ya ce zai iya warware ta ya ga yadda take adana bayanai, mu kwashe su zuwa wata. Sai ga shi yarjejeniyar da na danna (wa ke karanta ta?) ta haramta warwarewa, kuma wai dokar Amurka ce ke hukunci.

A can ma kan kotuna bai haɗu ba. A shari'ar Vault da Quaid ta 1988 an ƙi aiki da irin wannan sharaɗi, a ta Bowers da Baystate ta 2003 kuma aka tabbatar da shi, ko da dokar haƙƙin mallaka ta halatta aikin. Tarayyar Turai kuwa ta soke sharaɗin da ya hana warwarewa don manhajoji su yi aiki tare.

To ni da ke Kano, wanne ya hau kaina, yarjejeniyar ko Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022? Ba sayarwa zan yi ba, bayanaina kawai nake nema.